Ina zan kafa jak a ƙarƙashin Jimny ɗina?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu, kace ka sayi Suzuki Jimny 'yar Kwatano ƙirar wajen 2008 kana shiga gona da ita, ta zo ba littafi ba jak ɗinta na asali, sai wani jak na kwalba mai tan 2 da ka saya a kasuwa, ranar da tayarka ta sace mai faci ya kafa jak a ƙasan ƙofa har wurin ya lotsa ƙofar ma ta fara yin gardama wajen rufuwa, wani kuma yace maka ai a tulun aksul ake sawa, wato ƙullutun nan na jikin sandar da ta haɗa tayar dama da ta hagu, shine kake so ka san ina ne daidai. Toh madalla da ka tambaya yanzu, don mutane da yawa sai mota ta sauko musu a ƙafa tukuna suke neman mai sani. Ni na fi shekara 20 ina kwanciya a ƙarƙashin ire-iren motocin nan, tun daga Samurai har irin taka, kuma rabin aikin ba a gareji na yi shi ba, a daji ne, cikin yashi da laka, inda in ka yi kuskure ba mai jin ihunka.

Bari in fara baka abu ɗaya da in ka riƙe shi ko wace irin mota aka ajiye maka zaka gane wurin da kanka ba sai da littafi ba. Ka durƙusa ka tambayi kanka, nauyin motar nan ta ina yake bi yake sauka ƙasa? A Jimny bodi yana zaune ne a kan shasi, wasu suce casis, wato dogayen ƙarafan nan guda biyu da suka taso daga gaba har baya da wasu a gicciye kamar tsani, shasi yana zaune kan sifirin, sifirin yana zaune kan aksul, aksul kan taya, taya kan ƙasa. Wannan itace hanyar nauyi. Duk ƙarfen da yake kan hanyar nan dama can an yi shi ne don ɗaukar kaya, kullum aikinsa kenan. Duk abinda kuma rataye shi aka yi a jikin mota, tanki ne, salansa ce, bamba ce, matakalar gefe ce, kwanon baƙin mai na ƙasan injin ne, shi kansa ɗaukarsa ake yi, ta yaya zaka ce ya ɗauki mota? Ƙasan ƙofar nan da mai facinka ya kafa jak gwangwani ne kawai, bodi ne. Kuma ban ga laifinsa sosai ba, ya saba da Corolla da Golf da Civic waɗanda basu da shasi daban, bodin shine shasin, su a nan gefen ƙasan ƙofa kamfani ya ninka ƙarfe ya yi 'yan tsaga biyu yace a sa jak. Ya ga ƙaramar mota ya ɗauka duk jirgi ɗaya ne. Jimny ƙarama ce a ido amma gininta irin na Hilux ne da Land Cruiser, tun wadda aka fara a 1970 har sabuwar da ta fito 2018 shasi ne da aksul mai sanda gaba da baya, basu taɓa canjawa ba.

Saboda haka wurare biyu ne kake da su, aksul ko shasi, kuma aikin da zaka yi ne yake zaɓa maka, ba wanda ya fi kusa da hannunka ba.

In taya kawai zaka canja, aksul zaka nufa, kusa da tayar da ta sace. Dalili kuwa in ka ɗaga ta shasi, bodi zai ta hawa sama sifirin yana miƙewa taya tana zaune a ƙasa tana kallonka, don motar daji an yi ta ne ƙafarta ta iya saki sosai, sai ka ga jak ya ƙure tsawonsa motar ta karkace kamar zata kwanta amma har yanzu taya bata bar ƙasa ba, daga nan ne mutum yake fara neman dutse da bulo yana ƙarawa ƙarƙashin jak, nan kuma ake samun matsala. Amma in ta aksul ne, da zarar jak ya tashi taya ma ta tashi, ɗan kaɗan ya isheka, kuma duk yadda mota ta fi kusa da ƙasa ta fi zama lafiya.

Toh a aksul ɗin ma ina? Leƙa bayan taya zaka ga wani dogon hannun ƙarfe mai kauri da ya taso daga shasi ya zo ya kama aksul ta ƙasa da manyan notuna da bushin, kowace taya tana da nata, guda huɗu kenan. A ƙarshensa ta wajen aksul, daga ƙasa, akwai wani ɗan tudu kamar cibiya. Wannan cibiyar ba ado bace, jak ɗin almakashi na asali da Suzuki suke bayarwa yana da rami a kansa da yake shigewa daidai nan don kar ya zame. Nan ne wurin da kamfani ya tanada don canjin taya. Ka lura fa, ƙarshen hannun nace, ƙarƙashin aksul, ba tsakiyarsa ba, in ka sa a tsakiya ka lanƙwasa shi ko da kaɗan ne to aksul ya goce, mota ta fara ja gefe ɗaya tana cin taya kuma ba alayimen ɗin da zai gyara maka sai ka sayi wani.

Matsalarka ita ce jak ɗin kwalba gareka, kansa bai wuce faɗin murfin kwalbar lemo da kaɗan ba, a shafe yake, in ka ɗora shi kan cibiyar nan ƙarfe ne kan ƙarfe, tudu kan santsi, ko atishawa ka yi zai iya gocewa. In ka ɗora shi kan sandar aksul ɗin kanta ma haka, ita zagayayya ce kamar bututu shi kuma a shafe, wurin da suka haɗu bai fi tsinin biro ba. Abinda nake yi wa mutane shine a je wajen mai walda da jak ɗin a hannu, ya yanko guntun bututu mai kauri da zai shige kan jak kamar hula, a samansa ya walda ƙarfe mai siffar kwari, irin yankakken bututu rabi, wanda sandar aksul zata kwanta a ciki. Kar ya walda shi a jikin jak ɗin fa, zafi yana kashe robar ciki mai ya fara yoyo, hula ce kawai ana sawa ana cirewa. Da wannan hular sai ka kafa a ƙarƙashin sandar aksul kusa da inda sifirin ya zauna, ka duba kar ka danne bututun man birki ko waya, su siraran nan da suke bin jikin aksul. In kuma ka samu jak ɗin Jimny na asali wajen masu kayan Beljiyam ka saya, don canjin taya a ƙasa mai tauri ba abinda ya same shi, ni dai bana raina shi.

Masu Samurai da tsohuwar SJ410 su nasu ya fi sauƙi, sifirin ɗinsu mai falle-falle ne irin na akori-kura, akwai farantin ƙarfe a ƙasa inda notunan da suka ɗaure sifirin da aksul suka fito, tsakiyar farantin nan shine wurin, a shafe yake kuma nauyin dama nan yake sauka.

Sai maganar tsawo wadda kusan kowa sai a hanya yake gano ta. Kana gida taya cike da iska ka gwada jak ya shiga ƙarƙashin aksul har da sauran wuri, ka ji daɗi ka jefa shi a but. Ranar da taya ta fashe aksul ya sauko, tayar irin motarka 205/70 R15 ce, gefenta wajen santimita 14 ne, in ta kwanta ka yi asarar wajen 10 ko fiye, sai jak yaƙi shiga, ko ya shiga amma tashinsa bazai kai ya ɗaga har sabuwar taya mai iska ta shiga ba. Dabarar ita ce ka ajiye katako mai kauri gaban tayar da ta sace ka tuƙa a hankali ta hau kai, aksul ya dawo sama, sannan ka sa jak ka warware ɗan sukurun kansa ya taɓa ƙarfe kafin ka fara bugawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wata Asabar ka sace iskar taya ɗaya da gangan a ƙofar gida ka gwada komai, gaba da baya.

Yanzu tulun aksul, wato ƙullutun nan da giyoyin difaransha suke ciki. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba amma rabin magana ya baka. A gareji, kan daɓen siminti, da babban jak mai tayoyi wanda kansa yake da faɗi kamar faranti, eh muna ɗaga gaba gaba ɗaya ko baya gaba ɗaya ta nan, don a Jimny tulun ƙarfe ne haɗe da sandar, sai dai mu kauce wa notin zubar da mai na ƙasa mu sa ɗan katako ko roba tsakani. Amma ka duba da kyau, tulun Jimny ba a tsakiya yake ba, musamman na gaba ya karkata gefe ɗaya, shi yasa in ka ɗaga ta nan, taya ɗaya take riga ɗayar tashi motar ta ɗan kwanta. Kuma ana ɗagawa ne don nan take a zura sitan, wato ƙarfen nan mai ƙafafu da ake ɗora mota a kai ya riƙe ta, ba don a bar ta a haka ba. Da jak ɗin kwalba irin naka kuwa, a gona, kar ka soma. Ka ɗaga tayoyi biyu lokaci ɗaya rabin mota ya koma kan abu mai faɗin kwabo, ka zo kana jijjiga taya don ta fita, me kake tsammani?

Wani abu game da jak mai tayoyi tunda na ambace shi. Hannunsa ba miƙe yake tashi ba, lanƙwasowa yake yi baya kamar mutum yana ɗaga gwiwar hannu, don haka dole jikin jak ɗin ya dinga gangarawa ciki yayin da kake bugawa. A siminti yana gangarawa ba ka ma lura, a yashi ko burji tayoyinsa suna kafewa, to tunda shi bazai matsa ba sai ya jawo motar, ko kansa ya zame daga ƙarfen. In dole ne sai ka shimfiɗa masa faffaɗan katako ko farantin ƙarfe.

Shasi kuma yaushe? In zaka cire sifirin, ko shokazoba, ko bushin na hannayen nan, ko sauke aksul ɗin gaba ɗaya, duk aikin da kake so aksul ya saki ya rataya. Nan sai ka ɗaga ta aksul tukuna, ka sa sitan biyu a ƙarƙashin dogayen ƙarafan shasi dama da hagu, a wurin da yake miƙe a shafe kusa da inda hannayen nan suka kama shasi, ba inda ya lanƙwasa ya hau sama ba don sitan zai sulale, tsawonsu ɗaya, sannan ka sauke jak a hankali har motar ta zauna kansu. Kana saukewa kana kallon robar birki, in aksul ya saki da yawa ita take fara miƙewa, musamman motar da aka ƙara wa tsawo. Bayan ta zauna, kafin ka shiga, ka dafa motar da hannu biyu ka girgiza ta da ƙarfi. Gara ta faɗi kana tsaye.

Tunda 'yar Kwatano ce akwai wani abin dubawa. Motocin nan daga Turai suke zuwa inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ciki, kuma dillalai sun iya fesa baƙin fenti a ƙasan mota ta fito fes kamar amarya. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, mai lafiya zaka ji yana ƙara tas-tas, ruɓaɓɓe kuwa bup-bup zaka ji tsatsa tana zubo maka a ido. Ka duba musamman inda hannaye suka kama shasi, da mazaunin sifirin, da kunnuwan da bodi yake zaune a kai. Wurin da ya ruɓe ko littafi yace nan ne, ba nan bane kuma.

Abubuwan da suke yaudarar mutane a ƙasan Jimny kuwa, akwai sandar sitiyari da tayarod, akwai sandar da ta gitta daga shasi zuwa aksul wadda take hana bodi zamewa gefe, akwai sitabilaiza, akwai farfela wadda take kai juyin injin ga aksul, akwai ƙaramin giyabos na agzilari a tsakiya wanda kan 'yan robobi yake rataye. Dukkansu ƙarfe ne, wasu ma har da kauri, amma kallon kitse ake wa rogo. Tayarod in ta lanƙwashe sitiyari ya karkace kenan, farfela kuwa bututu ce fanko, ka lotsa ta kaɗan mota ta dinga rawa a gudu har ka tsani tuƙi.

Duk wannan saman jak ne. Ƙasansa kuma, wallahi a daji shi ya fi kashe mutane. Jimny ɗinka bata wuce kilo 1,100 da ɗan wani abu ba, kusurwa ɗaya wajen 300 ne zuwa 400 in da kaya, don haka tan 2 ya isa har ya yi yawa, ba ƙarfin jak bane damuwarka. Damuwar ita ce gindinsa bai fi tafin hannu ba. A fadama ko jigawa zai nutse, kuma ba a miƙe yake nutsewa ba, gefe ɗaya yake fara shiga, ya karkace, ya tofar da motar. Ko kwalta ma, a zafin Maris da Afrilu da rana tsaka laushi take yi, na sha ganin jak ya huda ta. Ka samu katako mai kaurin yatsa uku, faɗi kamu ɗaya da rabi kowane gefe, ya zama ɗan mota, duk inda take yana ciki. Kafin ka shimfiɗa shi ka share yashin sama da shebur har ka kai ƙasa mai ɗan tauri ka daidaita ta. In yashin ya yi yawa akwai dabarar direbobin sahara, kar ka ɗaga mota sama sosai, ka sa jak ya karɓi nauyin aksul kawai sannan ka tone ƙarƙashin tayar da shebur har ta rataya, ka cire ka sa wata ka mayar da yashin. Motar bata tashi ba balle ta faɗo, sai dai ramin ya yi nesa da katakon jak kar ƙasar ta rufta.

Bulo kuma dan Allah ka rabu da shi. Bulon siminti fanko ne, kuma ka san yadda ake buga shi yanzu, yashi ya fi siminti yawa nesa ba kusa ba. Katako in zai karye yana kuka tukuna, kaji ƙas-ƙas ka ja da baya, bulo baya sallama, yanzu yana tsaye yanzu ya zama gari. Ina yaron gareji na ga wannan da idona, wani abokin aikinmu ya ɗora wata Samurai kan bulo biyu ya cire tayar baya ya shiga yana kwance farfela, mun sha yin haka ba abinda ya faru, ranar dai yana ɗaure noti ya ja sifana da ƙarfi sai muka ji tim. Abinda ya cece shi tayar da ya cire ce, ba da niyya ba ma ya tura ta ƙarƙashin motar don kar ta tare hanya, shasi ya sauka kan wilin. Ya karye a ƙashin wuya ya yi wata biyu a gida. Mutane suka ce tsautsayi baya wuce ranarsa, haka ne, amma maigidanmu washegari ya sa muka kwashe duk bulon da ke garejin ya sayo gumagumai na kirya, irin icen da ake sassaƙa turmi, aka daddatsa su a shafe sama da ƙasa. Tun daga ranar har yau ban taɓa cire taya ban tura ta ƙarƙashin shasi ba. Kai ma ka mayar da shi ɗabi'a, safaya ka fara turawa, in ka ciro mai facin sai ku yi musanya.

Kuma jak, kowane iri ne, aikinsa ɗagawa ne, riƙewa aikin sitan ne. Na kwalba abinda yake tsakaninka da tan guda na ƙarfe wata 'yar roba ce da bata kai zobe girma ba, tana iya saki a hankali kana ƙasa baka sani ba. Ko hannu zaka zura ka laluba wani abu, ka sa sitan ko gungume. Wajen sayen sitan ni nafi son mai fil, wanda ƙarfe yake ratsawa ta rami ya fito ɗaya gefen, akan mai haƙora. A 2020 a Amurka kamfanin Harbor Freight ya janye sitan sama da miliyan ɗaya irin masu haƙoran nan daga kasuwa saboda harshen da yake kama haƙorin yana iya kuɓucewa in nauyi ya motsa, to ka ga can kenan da ake bibiya, ina ga wanda muke saya a kasuwa ko sunan kamfani babu. Kuma nauyin da aka rubuta a jiki yawanci na guda biyun ne a haɗe.

Sai waigi, wato abinda ake tokare taya da shi kar mota ta gangara, wanda 'yan boko suke gani kamar aikin yaran tirela ne. Birkin hannu na Jimny tayoyin baya kawai yake kamawa, in ka ɗaga tayar baya ɗaya ka rage masa rabin ƙarfi, in ka ɗaga duka biyun babu shi kenan, gaba kuma a sake yake. Sa giya ma bata isa ba ita kaɗai, saboda difaransha, taya ɗaya tana sama sai ta juya a banza ɗayar ta gangara da motar duk da tana cikin giya ɗaya. Tsofaffin Land Rover da birkin hannunsu yake kama farfela sun fi kowa wannan halin. Shi yasa kafin ka kashe injin ka sa ta a fowil, wato tayoyi huɗu duka su ja, kat-kat inji mutanen Nijar, taka ta 2008 maɓalli ne ba sanda ba, ka danna ka jira fitilar ta daina ƙiftawa, sannan giya ɗaya, birkin hannu, ka kashe. Amma ko wannan kar ka dogara da shi ɗari bisa ɗari, kan tayoyin gaba na irin motarka da iskar injin suke kullewa, in 'yan robobin sun tsufa suna yoyo basa kamawa, ciwon Jimny ne sananne. Waigi dai shine gaskiya, gaba da bayan tayar da take kusurwar nesa, in ta baya ta dama zaka cire ka tokare ta gaba ta hagu. Kowa ya sauka daga mota, ka sauko da safaya daga ƙofar baya, ka sassauta notunan nan biyar rabin juyi, duk wannan tun taya tana ƙasa. Ɗaurewa ma haka, a sama ka ɗaura da hannu kana tsallake ɗaya, ɗaurin ƙarshe sai ta sauka, kuma ba sai yaro ya hau wilsifana yana tsalle ba. In gangare ne, musamman wanda mota ta kwanta gefe, gara ka ja ta a hankali kan fasasshiyar tayar har ka samu wuri mai daidai, taya ce kawai zata lalace.

Na san wani zai ce maka ka sayi dogon jak ɗin nan na Hi-Lift da ake gani a jikin motocin turawa. Kaya ne mai kyau, tun 1905 ake yinsa a jihar Indiyana, yana ɗaukar kilo 2,100 da 'yan kai, kuma in ka kafe a laka har ciki ba kamarsa. Amma Jimny yadda ta fito daga kamfani bata da inda zai kama, bamba roba ce, gefe gwangwani ne, sai in ka sa an yi maka bambar ƙarfe ko ƙarfen gefe da aka ɗaure a shasi kai tsaye ba a bodi ba. Kuma shi ta sama yake ɗagawa, ga maganar sifirin ɗin nan da nace yana miƙewa, sai ka ɗaure aksul da shasi da bel kafin taya ta biyo. Hannunsa yana dukan haɓa in ya kuɓuce, wajen saukewa kuma in nauyin da ke kansa ya gaza kilo 68 baya sauka daki-daki, zubewa yake yi lokaci ɗaya. Don fita daga rami ne, ba don canjin taya ba.

In ka koma wata motar ka sake bin hanyar nauyin nan daga farko, kar ka kwafi ta Jimny. Tsohuwar Vitara tana da shasi, bayanta aksul mai sanda ne, amma gabanta kowace taya da hannunta kuma tulun gaban alminiyom ne rataye a jiki, baya ɗaukar komai, nan sai shasi ko ƙarfen da ya gitta. RAV4 kuwa duk tsayinta bodi ce zalla, a tsagar gefe ake sawa kamar Corolla. Baburan nan masu ƙafa huɗu da ƙananan Polaris da ake kawowa manyan gonaki su kuma ƙasansu an rufe da faranti, sau da yawa roba ne, sai ka laluba inda bututun firam yake a bayansa ka sa katako tsakani.

Ƙasan ƙofarka da ya lotsa ka kai wa mai gyaran bodi ya jawo shi ya shafa masa fenti kafin damina, in ba haka ba ruwa zai kwanta a ciki ya ruɓe. In kun gama ka wanke ƙasan motar, ka ɗauki jan fenti ka ɗiga a cibiyoyin nan huɗu da wurare huɗu na shasi, don ranar da ka aiki yaro wajen mai faci ko dare ya yi maka a hanya da tocilan ɗin waya kawai kace a sa inda ja yake. In ka leƙa baka ga cibiyar ba, wataƙila mai ita na farko ya canja hannayen, ka ɗauko hoton ƙasan ta bayan taya ka turo in gani.